Kujerar da Ta Sayi Jar Mota

Ana gab da magariba na koma zauren gwanjo in ɗauko motata, raina a ɓace.

Ni makanike ne. Motar kuwa tsohuwar motar tsere ce mai ƙofa biyu, irin wadda aka daina ƙerawa tun ban san kaina ba. Gangar jikinta na tsinta a bayan wani gareji, kaji na yin ƙwai a ciki. Na kwance ta kaf, na kankare tsatsa, na tayar da injin, na sa aka ɗinka mata kujerun fata, sannan na fesa mata jan fenti har mutum na iya ganin haƙoransa a jikinta. Da ta kammala, sai Yaya, wadda ita ta riƙe ni tun rasuwar iyayenmu, ta matsa min lamba in ba mijinta ya sayar.

Mijin nata mai gwanjo ne, kowa Mai Guduma yake ce masa. Ni da shi ba ma ga maciji. Tun da ya auri Yaya bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Baƙin Mai, ko a gaban baƙi. Na tsane shi, ba na ɓoyewa. Albarkacin Yaya kawai yake ci.

Yana da wata dabara da 'yan sana'ar suka sani. Idan ciniki ya yi sanyi, sai ya ɗaga yatsa ya nuna wata kujera can ƙarshen zaure, bayan ginshiƙi, inda haske ba ya kaiwa, ya ce an ƙara daga baya. Babu kowa a kujerar. Masu saye ba sa son waiwaye don kada a ga damuwarsu, sai zuciya ta ɗebe su su ƙara. Shekara da shekaru yana sa kujerar nan tayi.

Ranar da aka fito da motata haɗama ta kwashe shi. Attajirai biyu na ja, shi kuma ya dinga cusa kujerar a tsakaninsu har duk biyun suka naɗe hannu. Farashi ya tsaya a kan kujera. Ya jira, ya roƙa, ya yi gumi, ba wanda ya motsa. Ba yadda zai yi a gaban jama'a, sai ya buga guduma ya ce an sayar wa na baya. Ka ji yadda aka yi wahalata ta tashi a banza.

Na iske shi shi kaɗai a zauren, an kashe rabin fitilu. Maimakon ya ba ni haƙuri, sai ya ce ai laifin motar ce, wai daga nesa ma ana ganin aikin ɗan tasha ne. Na ce masa maƙaryaci ne, kuma yau ƙaryarsa ce ta ci shi. Muka yi ta musayar baƙaƙen maganganu har muryarmu na dawowa daga rufi. Daga ƙarshe ya ce dole in sauke shi a gida, tasa motar tana wurin gyara, kuma Yaya ta ce tare za mu koma.

Muna tafiya wajen motar na ji an ja kujera a bayanmu. Ƙiii, a kan siminti.

Na waiwaya. Layukan kujeru ne kawai, sai ginshiƙi.

Da na buɗe motar, na tarar an kifa kujerar mai zaman gefe gaba. Mota mai ƙofa biyu haka take, ba a shiga baya sai an kifa ta gaba. Bayan ma ba wani wuri ba ne, ɗan benci ne da ko yaro sai ya takure. Ni dai na san a miƙe na bar ta. Mai Guduma ya tura ta da gwiwa, ya zauna, yana cewa ko kujera ban iya ɗaurawa ba.

Na bi hanyar bayan manyan ɗakunan ajiya, wadda ba kowa a kanta in ma'aikata sun tashi. Rana ta faɗi, sama ta yi jaja-jaja. Yana ta surutu, ni kuma kunnena na kan injin. Injin nan ni na haɗa shi, na san muryarsa. Nishi yake, kamar an ɗora masa buhunan siminti. Bayan motar ya zauna, har ina jin taya na gogar ƙarfe.

Sai ƙamshin sabuwar fata ya ɓace. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ƙura da sanyi da toka.

Na duba madubi. Baƙi ƙirin, ko hasken gilashin baya babu.

Wani abu mai tauri ya tokare ni ta bayan kujera. Gwiwa ce.

Mai Guduma ya juyo ya dube ni. Na san shi ma ya ji.

"Baƙin Mai," ya ce da raɗa, "wa ka ɗauko?"

Na ƙanƙame sitiyari.

Numfashi ya sauka a tsakanin kunnuwanmu, a hankali, mai sanyi. Muryar ba ta da ƙarfi. Kamar ana jan takarda a kan yashi.

"Na saya."

Injin ya mutu. Fitilu suka mutu. Motar ta gangara kaɗan ta tsaya da kanta, ban taka birki ba.

"Kullum kana nuna ni," in ji muryar. "Kullum kana sa min magana a baki. Na yi shiru. Yau ka buga min guduma."

Mai Guduma ya fara rantse-rantse, wai wasa ne, wai dabarar sana'a ce, kowa na yi. Mutumin da muryarsa ke cika zaure, ga shi yana magana kamar ɗan tsako. Ya ja hannun ƙofarsa. Ko motsi.

Tawa ƙofar ta buɗe da kanta.

"Kai sauka. Mai sayarwa ya miƙo min makulli, hannu da hannu."

Na faɗo waje da rarrafe. Wallahi niyyata in gudu. Har na miƙe. Na ce a raina shi ya jawo, ya sha abinsa. Sai fuskar Yaya ta faɗo min, tana tsaye a bakin ƙofa tana tambayata ina mijinta. Me zan ce mata?

Na ji ƙarar zare makulli. Na ji Mai Guduma ya juya baya.

Sai ihu.

Na koma na zura rabin jikina cikin duhun. Ba na ganin komai. Motar na girgiza, kujera na ƙara, ana kokawa, wani na shure gilashi. Sanyi kamar na sa kai a firji. Na lalubo hannun riga. Na kama damtse. Na tokare ƙafa da bakin ƙofa na ja.

Ana ja daga ciki.

Na ja har na ji kafaɗata za ta goce. Na kira sunan Allah da iyakar muryata.

Aka saki.

Muka zube a kan kwalta, shi a kaina. Ƙofa ta rufe. Injin ya tashi lafiya lau, jar motar ta ja a hankali ba fitila. Ta ɗan gilashin baya na hango tafin hannu yana bugawa, yana bugawa, har ta sha kwana. Na ɗauka abin ne ke yi mana ba'a.

Mai Guduma ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya miƙo min hannu ya ɗaga ni. Hannun sanyi ƙalau.

"Na gode, ƙanena," ya ce.

A ƙafa muka ƙarasa gida.

Motar ba a sake ganinta ba, ban kuma neme ta ba. Shi kuwa ya bar gwanjo. Ya daina faɗa, ya daina ƙarya, yana gaida maƙwabta har da rusunawa. Kowa na cewa tsoro ne ya gyara shi. Abinci kaɗan yake taɓawa. In ka shiga falonsu za ka same shi a kujerar lungu, inda haske ba ya kaiwa, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon duk mai magana. Na rage zuwa gidan, don duk lokacin da ya yi min murmushi sai tsigar jikina ta tashi.

Wata rana da hantsi ina ƙarƙashin wata mota a gareji, na ga ƙafafun Yaya sun tsaya kusa da kaina. Na fito ina goge hannu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take min ina yaro in na yi ɓarna.

"Wanda ka kawo min yana da kirki," ta ce. "Ko sau ɗaya bai ɗaga min murya ba."

Na ce to alhamdulillahi.

Ta kama wuyan hannuna ta matse, duk da baƙin man da ke jiki.

"Ka san ba shi ba ne. Ka koma ka nemo min mijina."