Sherifa Ta Karɓi Kalarta

"Wa ya fesa mata wannan fentin?"

Wani dattijon Bature ne ya yi tambayar, ɗaya daga cikin alƙalan nunin tsofaffin motoci da ake yi a filin Orchard Beach, a yankin Bronx na Amurka. Ya goye hannuwansa a baya yana zagaya motar, don a wannan wurin ido ake sa wa mota, ba a sa mata hannu. Buick Riviera ce ƙirar 1965, doguwa, ja mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu sosai.

Sherifa na tsaye a bayan alƙalin, riƙe da gorar zoɓo mai sanyi da ta kawo wa Sadiƙ, mai motar, tun daga unguwar Morris Heights.

Sadiƙ ya gan ta. Wallahi ya gan ta, don sai da idonsu ya haɗu. Sannan ya saci kallon gwaggonsa, Hajiya Aishatu Humaira, da ke zaune ƙarƙashin lema tana fifita, ya sunkuyar da kai.

"Wani gareji ne a nan Bronx," in ji shi.

Wani gareji...

Wahalar shekara uku ta zama wani gareji.

Ba ta gama haɗiye wannan ba sai gilashin ƙofar motar ya sauka. Hussaina ce, 'yar aminiyar Hajiya, ta hakimce a kujerar mai zaman banza tana gyara ɗaurin kallabi a madubi. Kujerar da Sadiƙ ya rantse ba macen da za ta zauna a kai sai ranar kai amarya. Ita kanta Sherifa ba ta taɓa zama ba, kullum a baya take shiga, tana tsokanarsa wai ta samu direba.

"A'a, mai fenti ce?" in ji Hussaina, da murmushin da bai kai ciki ba. "Sannu da ƙoƙari. Ɗan goge mana nan, kamar na ga ƙura."

Sherifa ta matso. Ta buɗe gorar, ta tsiyaye zoɓon nan kaf a ƙasa dab da farin takalmin Sadiƙ, ta juya ta nufi wajen bas.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba: Sherifa 'yar marigayi Baba Tamimu ce, mutumin Zangon Kumasi da ya bar wa 'ya'yansa ƙaramin garejin fenti a Morris Heights. Yayanta Fataw ke miƙar da ƙarfe, ita ke haɗa kala da feshi. Sadiƙ kuwa Bakano ne, mai haɗa magani a wani asibiti, maraya da gwaggonsa ta raina a unguwar Tremont. Ba ya shan sigari, ba ya yawon banza, ciwonsa ɗaya ne a duniya, tsohuwar motar Amurka. A wani rumbun gona a Pennsylvania ya tono Rivierar nan, tsatsa ta cinye gindinta, ɓeraye sun yi zuri'a a kujerun baya. Ranar da aka jawo ta garejin, Fataw ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gawa aka kawo musu, su kuma ba masu wanka ba ne.

Sherifa ce ta ce a bar ta.

Tun daga nan duk ranar hutu Sadiƙ na garejin, ya naɗe hannun riga yana gurzar tsatsa da samfefa. Da hagu yake aiki, shi ya sa ta raɗa masa Bahagona. Wata rana suna gardamar sunan abin sha, ita tana cewa sobolo, shi yana cewa zoɓo ne tun kaka da kakanni, kofin ya suɓuce ya ɓata mata farin mayafi. Maimakon ya ba ta haƙuri sai ya tsaya yana kallon tabon kamar wanda ya tsinci zinariya. Ya ce wannan kalar yake so, ita ba wata ba. Da ido Sherifa ta haɗa ta, ɗigon baƙi, ɗigon shuɗi, har sai da ta dace da mayafin. Ba kamfanin da ke da irinta. Daga ranar ya koma kiranta Zoɓona, a ranar kuma ya ce zai aure ta.

Hajiya kuwa ta ce ba da yawunta ba. Wai 'yar Zango, wai Hausarsu ma a karkace take, wai mace mai warin fenti da baƙin farce ba ta shiga zuri'arsu. Hussaina, wadda ta daɗe tana kwaɗayin Sadiƙ, ta samu wurin zama. Yau ta kai wa Hajiya dambun nama, gobe ta kai mata labarin an ga Sherifa tana wasa da dariya da maza a bakin gareji. Sadiƙ ya yi ta cewa Zoɓona ki ƙara haƙuri, Gwaggo za ta sauko. Sherifa ta yi ta haƙurin, har ranar da ta ji da kunnenta an mai da ita wani gareji.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da abin ya zo da sauƙi.

Ta toshe lambarsa. Ya turo abokai, ta ce a gai da shi. Ya zo da kansa, Fataw ya tare ƙofa da ƙirji, ya ce masa chale, wato abokina a bakin 'yan Kumasi, kama hanyarka tun muna shaida juna. Zafi ya wuce, ganye ya fara ja, zuciyar Sherifa kuwa ko gezau. Kullum in ta ɗauki bindigar feshi sai ta ji kalmomin nan a kunnenta, ta ciji leɓe. Ba mutuwarsa take so ba, ba talaucinsa take so ba. So take ya ji abin da ta ji, a daidai wurin da zai fi masa zafi.

Sai ga shi Allah ya kawo mata har gida.

Ana saura 'yan kwanaki babban nunin rufe shekara, wanda ake ba da kofi, ta ji rugugin injin da ko a mafarki ta san shi. Riviera ta shigo layin a hankali. Sadiƙ ya fito, ya rame, ya ce da Fataw an karce masa ƙofar direba.

Fataw ya so ya kore shi, amma ba hali. Baba Tamimu ya bar doka a garejin nan, kowa ya san ta: motar da hannunsu ya taɓa, in ta dawo da rauni ba a korarta, ko mai ita maƙiyinka ne.

Sherifa ta fito da takunkumi a fuska. Ko ƙofar ba ta kalla ba, balle mai ƙofar.

"Ajiye ta. Ka dawo jajibirin nunin."

"Zoɓona, ki saurare ni ko na..."

"Nan wani gareji ne, Malam. Ba ma hira da masu mota."

Yana fita ta ja ƙofar gareji ta rufe. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta shafa bonet ɗin da tafin hannu. Santsi kamar fatar jariri. Ita ta fesa, ita ta goge, ita ta hana kowa numfashi kusa da ita har ta bushe.

Ta ɗauko injin gurza ta ɗora a tsakiyar bonet.

Da Fataw ya ji ƙarar ya shigo da gudu. Ya tarar da jar ƙura na tashi, fentin ƙasa mai ruwan toka ya fara leƙowa. Ya yi salati, ya dafe kai, ya tambaye ta ko aljanu ne suka shige ta. Ta ce lafiyarta lau. Baba ya ce kada a kori mota, bai ce a bar wa butulu kalar da ba tasa ba. Fataw ya ce wannan aikin zai kashe yaron mutane. Ta ce ai ita ma an kashe ta a gaban jama'a, ga ta tana yawo.

Haka ta kwashe kwanakin. Ta gama bonet ta hau rufi, ta sauko but ɗin baya, ta bi gefe. Jar ƙura ta cika mata gashin ido, ta rina mata wuya, hannuwanta suka yi kanta. Kuma, a faɗi gaskiya, daɗi take ji. Duk inda ta gurje sai ta tuna wani abu: nan ya jingina ranar da ya kawo mata tsire daga Tremont, nan ya ce 'ya'yansu za su koyi tuƙi. Sai ta ƙara danna injin.

Ƙofar direba ta bari ƙarshe.

Da safiyar ranar da zai zo ta jawo bokiti ta zauna a gabanta. Sai a lokacin ta dubi karcen da kyau.

Hannunta ya tsaya.

Ta ga karce iri-iri a rayuwarta. Mai ƙeta a guje yake yi, layinsa a murɗe, ya ratsa ƙofa ya wuce har baya, don ɓarna yake so. Wannan kuwa a miƙe yake sak, a ƙasan lanƙwasar ƙarfe inda gyara ya fi sauƙi. Bai taɓa farin ƙarfen ado ba, bai kai bakin ƙofa ba. A farkonsa ga 'yan ɗigo-ɗigo, inda aka ɗora mukulli aka ɗage, aka sake ɗorawa aka kasa. Kuma daga dama aka jawo shi zuwa hagu.

Bahago...

Ta ɗaga kai ta dubi motar, toka-toka daga gaba har baya kamar tsohuwar tukunya. Ta ji tausayi, ta ji haushin tausayin, ta rasa wanda za ta kama.

Tana nan zaune ya shigo.

Bai yi ihu ba. Ya tsaya cak a bakin ƙofa, bakinsa a buɗe. Ya tako a hankali ya ɗora hannu a bonet, ya ɗago ya ga jar ƙura a yatsunsa. Idonsa ya kawo ruwa. Abin da ta yi wata da watanni tana jira ke nan, ga shi ta samu, kuma bai yi zaƙin da ta zata ba.

"Kalata ce," ta ce. "Na karɓi abata."

Ya gyaɗa kai.

"Ba ni mukullinka."

Ya miƙa mata. Ta juya shi a haske. A cikin tsaginsa ga ɗan jan fenti nan maƙale.

"Kai ka yi."

"Kin toshe waya, Bra Fataw ya toshe ƙofa. Dokar Baba kaɗai ta rage min." Ya share ido da bayan hannu. "Gwaggo ce ta ce Hussaina ta shiga, na kasa cewa ta fita. Amma ba Hussaina ce ta ce wani gareji ba, Sherifa. Ba Gwaggo ba ce. Ni na faɗa, da bakina, ina kallonki."

Ya ce tuni ya gaya wa Hussaina ta nemi mijinta a gaba. Ya ce tun ranar bai ƙara jin daɗin tuƙa motar ba, ko zoɓo ya gani a shago sai ya kau da kai.

Sherifa ta so ta faɗa jikinsa ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Amma 'yar Baba Tamimu ce, ba ta sayar da zuciyarta da araha sau biyu. Ta ɗauko samfefa ta miƙa masa.

"Saura ƙofa ɗaya. Ƙarasa da hannunka."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar, jar ƙarshe da ta rage a duniya.

"Gobe kuma ka kai ta nunin haka. Ka zo da Gwaggo. Duk wanda ya tambaya, ka ba shi amsa."

Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Da hagu ya gurza, yana yi hawaye na sauka a kan ƙurar. Ba ta taya shi ba, ba ta kuma kau da kai ba.

Washegari Riviera ta shiga filin Orchard Beach tsakanin motoci masu walƙiya kamar bazawara cikin 'yan mata. Mutane suka taru, ana nunawa ana ƙus-ƙus. Hajiya ta rufe fuska da mayafi don kunya. Hussaina, wadda ta biyo Hajiya ba gayyata, tana ganin motar ta ja baya kamar ba tare suka zo ba.

Dattijon alƙalin nan ya iso, ya cire tabarau, ya mayar.

"Wa ya yi mata wannan aika-aikar?"

Sherifa na tsaye inda ta tsaya wancan karon.

Sadiƙ bai dubi gwaggonsa ba.

"Sherifa Tamimu, ta Morris Heights," ya ce da ƙarfi, yadda har na layin baya suka ji. "Ita ta fesa wadda ka yaba, ita ta kankare ta, kuma ni na jawo. Ga ta can. Ita zan aura."

Ya maimaita da Hausa, don kada Gwaggo ta ce ba ta gane ba.

Hajiya ta yi salati ta sanar da Ubangiji. Ta dubi motar da ɗanta ya fi ƙauna fiye da abinci, ta dubi yarinyar da ta mai da ita haka, ta ga kuma yaron murmushi yake. Daga baya ta gaya wa aminanta cewa macen da za ta yi wannan, gara a same ta a cikin gida da a bar ta a waje. Hussaina dai bas ta bi ta koma.

Kofi ya tafi wajen wata mota ƙirar Cadillac. Ba wanda ya damu.

Bayan sanyi ya wuce aka ɗaura aure a masallacin Tremont. Da aka zo kai amarya, mata suka yi ta mita wai a rasa motar ɗauko amarya sai wannan mai kalar toka. Sherifa ta tattara lullubinta, ba ta ko kalli kujerar baya ba, ta buɗe ƙofa ta zauna a gaba.

Sun hau titi ya kamo hannunta, ya shafa lallen da ya kasa rufe baƙin farcen.

"Zoɓona... yaushe za ki mayar mata da kalarta?"

"Waccan ta tafi, Bahagona. Da ido na haɗa ta, idon kuma ya ga abin da ya gani."

"To ki haɗa wata."

Ta gyara zama a kujerar, ta kwantar da kai.

"Sai na huce."

Shekara ta zagayo, an yi suna, Rivierar na nan toka-toka. Duk nunin da aka yi sai ya kai ta, duk wanda ya tambaya sai ya ba shi amsa.