Wutar da Mudi Ya Zuƙe

Dab da magariba motar Mudi ta mutu a hanyar Riruwai zuwa Dangora. Ya murɗa makulli, ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru. Batir ya sauka. Matarsa Kyauta da 'yarsu Barakatu suna zaune a baya.

Nan kusa da su, a gindin wata kuka, ga tsohuwar akori-kura injinta na kaɗawa a hankali. Babu direba, babu sawun taya. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Mudi kuwa, gwanin cika baki wai ya fi bakanike sanin mota, ya ɗauko waya, ya buɗe motar mutane ba sallama ba bisimilla, ya jona. Tasa ta tashi. Waccan ta mutu.

"Baban Barakatu, ka jira mai ita mana," in ji Kyauta.

"Ya biyo ni."

Ya kuwa biyo shi.

Tun da suka dawo gida, kullum rana ta faɗi sai ruwan duwatsu a kan kwano. Barakatu ta daina cin abinci. Sai ta zauna a ƙofar ɗaki tana gurnani kamar injin da ya ƙi tashi, jikinta sanyi ƙalau, tana ta ramewa.

Aka ɗauko Malam Datti, mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar tsoho ta fito daga bakinta.

"Ina sakaran nan? Na kwaso iyalina za mu suna Ɗansoshiya, ya zuƙe mini wuta, ya bar mu a daji."

"Me zai raba ka da yarinyar?" in ji Malam.

"Batirinsa. A ajiye mini a gindin kukar. In ba haka ba, wutar jikinta zan ci gaba da ja."

Mudi ya sosa ƙeya.

"Allah gafarta Malam, sabo ne fa. Akwai wani tsohon batir a bayan ɗaki, ko zai..."

Aljanin ya ja dogon tsaki. "Malam, wai wannan ne uban?"

Kyauta ta miƙe. Ta kwance batirin da hannunta, ta ɗora a ka, ta tari ɗan acaɓa, sai gindin kukar.

"Na tafi, albarkacin uwar," in ji muryar.

Barakatu ta yi atishawa, ta buɗe ido. Mudi ya matso yana washe baki. Ta leƙa bayansa.

"Ina Inna?"