Tabar Oga

"Kowa ya kwanta! Kai mai shago, buɗe akwatin gwal ɗin!"

Da rana tsaka ne. Guntu direba na cikin mota a ƙofar shagon, yana jin muryar Oga. Guntun nan, ku tambayi tsofaffin garin, ba a sake haihuwar direba irinsa ba. Ko bihim bai sani ba a karatu, amma inji ya yi tari sau ɗaya, ya san ciwonsa.

Sai dai ranar ba kamar kullum ba ce. Da safe Oga ya miƙa masa taba, har da kunna masa. Oga kuwa marowaci ne na bugawa a jarida. Yaransa biyu kaɗai suka taɓa shan tabarsa, kuma duk biyun a kwata aka tsinci gawarsu washegari.

Suka fito a guje da gwal, Oga da Ƙato da Ɓera, mai shago na kururuwa a bayansu.

"Taka ta, ɗan'uwa!" in ji Oga.

Guntu ya taka. Can baya Saje na dukan kafaɗar direbansa a akwalar 'yan sanda.

"Ba ta wuta mana!"

"Yallaɓai, iyakarta ke nan!"

A bayan kasuwa Guntu ya faki ido ya murɗa makulli. Mota ta yi tsit.

"Kai, mene ne?"

"Batir, Oga. Sai an tura."

Ƙato da Ɓera suka dira. Guntu ya danne birki, suna ta nishi, ko gezau. Jiniya na matsowa.

"Ragwaye ka ɗauko, Oga! Sa musu hannu!"

Oga ya zunduma ashar, ya jefa bindiga kan kujera, ya fita ya dafa bayan motar. Guntu ya saki birki, ya murɗa makulli — fuuu! Ta madubi ya hango su ukun sun kifa a ƙasa.

'Yan sanda na isowa Oga ya zaro wuƙa, harsashin Saje ya riga shi. Ƙato da Ɓera a kurkuku suka mutu. Guntu da kansa ya kai gwal da bindiga caji ofis, duk da haka ya sha ɗauri. Ya fito ba haƙora, ba mata, amma da ƙafarsa ya fito.

Yana nan a bencin gareji. In wani ya miƙa masa taba sai ya yi dariya.

"Riƙe abarka, ɗana. Ɗaya na taɓa karɓa, ta ishe ni."