Lambar Da Bai Cire Ba

Ranar da wani saurayi ya shigo asibitin da kwali a kafaɗa, Auta na durƙushe ƙarƙashin teburin karɓar marasa lafiya, tana warware igiyar tsohuwar waya da ta naɗe ƙafar kujera.

"Ki ƙyale ta, ta gama aikinta," in ji shi.

Ta ɗago da sauri, kanta ya bugi katako. Ya kau da kai don kada ta ga dariyarsa, amma ta riga ta gani.

Asibitin na mahaifinta ne, ɗakuna biyar da ɗakin magani. Likita dattijo ne mai ƙarancin magana, ba abin da yake tsarewa kamar sirrin majinyaci. Shi ya ɗauko saurayin ya kafa musu wayoyi marasa igiya, waɗanda tsarinsu duka yake kan intanet.

Kwana biyu Mai Waya ya yi yana aiki. Ya kafe ɗan akwatin tasha a bangon baranda, ya jona shi da intanet, ya yi wa kowace waya rajista ya manna mata lambar ciki, ta teburin Auta ita ce ɗari da ɗaya. Ya riƙa zagaya ɗakuna da waya a kunne don ya ji inda murya ke yankewa, Auta na amsa masa daga teburinta.

"Ɗari da ɗaya, kina ji na?"

"Ina jin ka, Mai Waya. Kana ina?"

"Bayan sito. Ƙara magana, muryarki ba ta fita."

"Ƙarya kake, tana fita."

Tun daga nan sunan ya bi ta.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. A makon farko yakan sa lambar wayarsa ta hannu a ƙarshen layi, ta yadda kiran da ya yi ƙara shida ba a ɗauka ba zai faɗo masa, don kada kira ya ɓata kafin mutane su saba. Mako na cika sai ya cire. Ya cire a kan wayoyi biyar. Da ya zo kan ɗari da ɗaya, yatsansa ya tsaya, ya rufe kwamfutar.

Wata biyu suna saƙonni. "Ɗari da ɗaya, yau na kafa wayoyi ashirin, babu wadda ta amsa da irin muryarki." Ita kuma: "Mai Waya, ka daina. Ina karantawa ina murmushi a gaban masu ciwon kai."

Amma hankalinta bai kwanta ba. Likita ya daɗe yana yaba mata Mai Magani, wanda ke kula da ɗakin magani, kamar mai zaɓa mata miji, kuma Mai Magani ya lura da murmushin.

Wata ranar da hantsi, Auta ta raka wata tsohuwa bakin titi. Likita ya kira teburinta daga ɗakinsa. Ƙara shida, sai aka ɗauka.

"Ɗari da ɗaya tawa, kin tuna da ni ke nan?"

Likita ya gyara riƙon wayar.

"Wa ke magana?"

Mai Waya ya gane muryar. "Baba... ina kwana."

Aka katse.

Kafin azahar Mai Magani ya ƙara gishiri. "Ranka ya daɗe, tsarin nan ai a hannunsa yake. Wanda ya iya karkatar da kira ya iya sauraro. Wa ya san abin da ya ji na majinyata?"

Likita ya sa aka tattara wayoyin shida aka mayar kwali. Ya dubi 'yarsa.

"Da saninki?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

"To daga yau ba ke ba shi."

Ta shiga sito ta rufe ƙofa, ta rubuta wa Mai Waya: "Me ka yi mana? Da gaske kana sauraron mutane? Kada ka kira ni."

Amsa ta zo: "Na yi laifi, amma ba wannan ba. Gobe zan zo in faɗa a gaban Baba, ko da korata zai yi."

Ba ta iya cin komai ba ranar.

Washegari ya zo da kwamfutarsa, ya durƙusa ya gaida Likita. Ba a ce masa zauna ba. Auta na tsaye jikin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Baba, ga shafin tsarin. Nan ne naɗar murya, a kashe yake tun ranar farko, ga kwanan watan. Wannan kuma jerin kiran da suka faɗo mini. Tara ne, naka na goma."

Likita ya gyara tabarau. "Su wane ne taran?"

"Majinyata. Ina ce musu mai gyaran waya ne, su ba ni suna kawai. Sai in tura wa Auta cewa wane ya kira bai samu ba."

Auta ta ɗago kai. Ita duk zatonta a jerin kiran da aka rasa yake gani. Ta miƙa wa mahaifinta wayarta, ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan na huɗu, sunan wata mai juna biyu da suka tura wa mota a kan lokaci.

"Mantawa ka yi ba ka cire ba?"

Auta ta runtse ido. Da zai ce "e" kawai, da an wuce wurin.

"A'a, Baba. Ban manta ba. Na kasa ne."

Likita ya nuna kwamfutar da yatsa.

"Cire ta yanzu, ina kallo."

Ya cire. Sannan ya juya kwamfutar. "Ka sa sabuwar kalmar sirri, Baba, wadda ni ma ban sani ba."

Likita ya danna da yatsa ɗaya, a hankali, har sau biyu yana kuskure. Ya rufe kwamfutar.

"Asibitina ba wurin zance ba ne. Mayar da wayoyina inda suke." Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. "Gidana kuwa yana da ƙofa. Ka turo manyanka."

Auta ta zame ta zauna a kan kwalin wayoyin, tana dariya tana share hawaye.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Mai Magani ya zo, ya yi musu fatan alheri a gajarce. Da za a tafi da amarya, Likita ya dafa kanta, ya dubi angon.

"Wannan karon ni na sa lambarka. In ta kira, kada ka bari ta kai ƙara shida. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

"Amin, Baba," suka ce tare.