Fuskar Tasalla

Na'urar Maido-Kama ta goge tsagar fuskar Tasalla ranar sadakar bakwai, a gaban mijinta.

Mijin, Malam Nomau, yana ƙasa tare da maza masu gaisuwa aka hawo da shi falon mata, can saman bene a Sabuwar Alƙalawa, inda jiragen lantarki ke giftawa ta bakin taga ba ƙara. Injiniya Nafi'u na Gidan Adana Kamanni ya ajiye wani faifai mai faɗin tire a kan tabarma, ya taɓa shi. Haske ya miƙe tsayin mutum. Sai ga Tasalla da zaninta, da kallabinta a karkace yadda take ɗaurawa. Tsohon bai gama haɗiye yawu ba fuskar ta soma narkewa kamar man shanu a rana. Tsagar Gobirawa da ta tashi daga gefen baki zuwa kunne ta shafe. Baƙin ya washe. Giɓin haƙorinta ya cike.

Aikin na'urar ba wuyar ganewa. A birnin nan ba mai riƙe hoto a hannunsa. Komai yana rumbun birni, waya leƙawa kawai take yi. In mutum ya rasu, Maido-Kama takan kwaso duk inda kyamara ta taɓa kama shi, na biki da na titi da na asibiti, ta haɗa mutum guda mai motsi da magana. Inda ta ga abin da bai yi mata ba sai ta gyara da abin da ta koya, ita kuwa a finafinai ta yi karatunta. A can uwa ta gari fara ce, fuska sumul, baki ba ya rabo da dariya. Rumbun kuma ba ya ajiye mutum biyu. In maigida ya dangwala yatsa, a riƙe gyararriya a share tsofaffin hotuna har abada. In ya ƙi, a kashe gyararriya. Don yatsan nan aka hawo da Nomau.

"Wace ce wannan?" ya ce.

"Hajiya ce, Baba," in ji injiniyan.

"Ba ta je Makka ba. Ko can ma kun kai ta?"

Nafi'u ya yi dariyar yaƙe. "Tabo ne kawai aka ɗan share mata."

"Tabo. Wanzami ya zauna ya yi shi, dangi suna tsaye, kana ce mini tabo."

Iya Hajo, aminiyar mamaciyar tun suna tallan fura, ta matso da sandarta ta ƙura ido.

"Allahu akbar! Tasalla sak! Ashe haka take da haske, hayaƙin murhu ne ya dafe ta."

"Ke Hajo, aska ɗaya ta yi muku tsaga. Taɓa kumatunki."

"To Malam, ni dai yanzu haka nake ganinta." Ta karkata wajen injiniyan, ta rage murya, amma kowa ya ji. "Ɗan nan, in tawa ta zo, ka ɗan rage mini hancin nan."

Nomau ya rufe ido don ya nemo matarsa a kansa. Ya same ta, amma sai da ya ture waccan mai sumul ɗin tukuna, don ita ta riga zuwa. Ko rabin sa'a ba a yi da kunna abin ba.

Sannan hasken ya yi magana, da muryar Tasalla, har da ɗan dusashewar da take yi da safe. Ya juya wajen Barira, 'yarsu ta fari, wadda ita ma ta aurar da 'ya'ya, ya buɗe hannu.

"Barira, 'yata. Zo nan."

Tasalla mutuniyar zamanin da ce, mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Barira ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. "Waccan" take cewa. In ta kankare ƙanzo sai ta rufe a kwano ta ce a ba waccan.

Barira ta zube a gwiwa, tana kuka kamar yau aka fita da gawar.

Hasken ya waiwayo, ya karya wuya irin na 'yan fim. "Nomau, ka ci abinci?"

'Yan matan da ke bakin ƙofa suka toshe baki. Matar da ta tsufa a ɗakinsa ba ta taɓa faɗin sunansa ba ko a bayan ido, yau ga ta tana kiransa gatsal kamar mai kiran ɗan acaɓa.

"Wa ya sa mata wannan a baki?"

"Ba kowa, Baba. Ita na'urar ce ta lura." Nafi'u ya shafa faifan, wani tsohon bidiyo ya fito a gefe, na ranar da aka kai Barira ɗakin miji. Ga amarya a lulluɓe tana kuka. Ga Tasalla, baƙa, da tsagarta, ta kau da kai tana kallon bango, fuska a murtuke. "Ka gani? Duk hoton da suke tare haka ne. Na'ura ta ɗauka akwai matsala tsakaninsu, shi ne ta daidaita."

Nomau ya daɗe yana kallo. Mai ɗaukar bidiyon fuska ya bi. Daga kafaɗa ya yanke.

"Hannunta fa?"

"Ba ya cikin hoton, Baba."

"Yana riƙe da bakin mayafin waccan. Mota tana jira, ta ƙi saki. Ni na ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya."

Barira ta ɗago. Idonta ya yi ja.

"Ban ji ba, Baba. Ina cikin lulluɓi, ban gani ba, ba kuma wanda ya gaya mini. Wannan kuwa na ji da kunnena." Ta rarrafo ta kama gefen rigarsa. "Na yi furfura ban san yadda sunana yake a bakin Inna ba. Na san ba ita ba ce. Wallahi na sani. Ka bar mini ita haka nan."

Ya dube ta. Shi ma bai taɓa kiran sunan ba. Sunan ya zo masa har kan harshe, ya tsaya nan, ya koma.

Ya dubi bidiyon gefe, inda matarsa ke harare da bango, ba kyau, ba fara'a, hannunta a wajen hoto. In ya sa yatsa wannan za a share, jikoki su tashi da wata baƙuwa mai haƙora reras, har su rantse ita ce kakarsu. Hajo ta riga ta rantse. Ya dubi baƙuwar. Tana murmushi tana ƙifta ido, tana jiran a ce ta zauna.

Nafi'u ya durƙusa ya miƙo faifan. "Nan za ka dangwala, Baba. Babban yatsa."

Nomau ya zare rigarsa daga hannun 'yarsa a hankali, ya tura hannuwansa biyu cikin aljihu.

"Da hannuna na sa matata a rami, na ga fuskar da na rufe. Kashe abin nan ka fita da shi. Ba zan sa ba."