Makirfon Baba Tsoho

Kwana ashirin da rasuwar Baba Tsoho, ɗansa Manaja ya dawo daga aiki da kwali a hammata. La'asar ce sakaliya, rana ta yi ja a kan katanga, matarsa tana kwashe shanya, 'yarsu Auta tana wanke takalmin makaranta a bakin famfo. Ya dire kwalin a falo, ya fito da sifikoki uku, kowace ba ta fi gwangwanin madara ba.

"Ba waya, ba ƙusa, ba ƙura," in ji shi. "Da wayar hannu ake kunna su. Kowa ya ɗauki tasa ya shige ɗakinsa. Wancan tarkacen kuwa yau zai bar falon nan."

Tarkacen da yake nufi aikin hannun ubansa ne. Baba Tsoho ya shekara arba'in yana gyaran rediyo, kuma shi ya haɗa kayan sautin gidan da kansa: amfilifaya mai nauyin tsiya, sifikoki biyar a jikin bango, da wani ƙaton akwatin katako mai gurnani a ƙarƙashin talabijin. Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, sai ya sa aka ja waya daga amfilifayar har ɗakinsa da ke can ƙuryar gida, ya ɗaure makirfo a jikin gado. In yana son wani abu, sai ya ƙwanƙwasa makirfon sau biyu da farce, ya hura, sannan muryarsa ta cika falo. Ruwa ne, tabarau ne, ko kuwa tsokanar jikarsa: "Ina amaryata? Ko ta yi yaji ne?"

"Haba maigida, ko wata bai cika ba," in ji matar. "Baba kullum cewa yake, mai waya ya fi, don in ta tsinke ana ganin inda ta tsinke."

"Baba ya yi zamaninsa."

Manaja mutum ne da ƙwan fitila zai mutu a ɗakinsa ya yi wata bai canza ba. Amma ran nan, kafin rana ta faɗi, ya tsige duk wayoyin da filaya, ya ja akwatin katakon ya yar a tsakar gida kusa da kwandon shara. Gumi yake kamar wanda aka biyo. Matar ta tsaya tana kallonsa, domin ba ta taɓa ganin ya yi wa wani aiki irin wannan zafin nama ba.

Ana fara kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwano. Na biyu ya biyo baya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Manaja ya leƙa titi, babu kowa sai wata akuya. Yana dawowa falo, sababbin sifikokin nan uku, da ko kunna su ba a yi ba, suka yi ƙwas, ƙwas. Sai aka hura.

Auta ta juya ta kalli hanyar ɗakin kakanta.

Washegari ma haka, da magariba. Manaja ya ce sautin na'urar maƙwabta ne ke shigo musu, ya kulle sifikokin a durowa, suka yi ƙwas, ƙwas daga cikin durowar. A magariba ta uku aka tarar da Auta zaune a kan akwatin katakon, ta rungume gwiwa, idonta a buɗe amma babu kowa a cikinsa. Uwar ta taɓa kafaɗarta. Yarinyar ta ce da wata murya ta tsohuwa, busasshiya, "Cika ni. Ba da ke nake ba."

Kwana tara Auta ba ta ci abin kirki ba. A asibiti aka auna komai aka ce lafiyarta lau. Da rana tana kwance kamar tsumma, rana na yin ja sai ta tashi ta koma kan akwatin. Manaja ya yi ta cewa a ƙara haƙuri, zai wuce, har sai da uwar ta gaji, ta yafa mayafi ta je da ƙafarta ta ɗauko wani malami mai ruƙiyya.

Malam ɗan guntun dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Ya zo gab da faɗuwar rana, ya sa aka shimfiɗa tabarma a gaban akwatin, ya fara karatu a kunnen yarinyar. Tun tana kau da kai har ta soma makyarkyata. Tsakar gidan ta yi tsit, ko kukan tsuntsu babu. Can sai muryar nan ta ce, "Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Shekara goma sha tara nake cikin akwatin nan, da ɗuminsa da duhunsa. Tsohon ya san da ni, ko zai buɗe sai ya yi sallama. Wannan kuwa," sai yatsan Auta ya nuna ubanta, "ya watso ni kusa da shara."

"Za a kai miki akwatin bayan gari, a ajiye a inuwa. Ki fita."

"Akwatin banza? Ba shi ya zaunar da ni ba. Saƙo ne a hannuna. An faɗe shi a makirfo, bai sami hanyar fita ba, ni kaɗai na ji. Uban yarinyar ya faɗa da bakinsa abin da ya toshe hanyar, in ba shi saƙonsa in tafi. In ya ƙi, ni da yarinyar mutu ka raba."

Malam ya juyo wurin Manaja. "Aljani maƙaryaci ne, ba dole ka biye mata ba. Zan iya ci gaba da karatu, sai dai zai ɗauki kwanaki, ban kuwa san ko jikin yarinyar zai jure ba."

Manaja ya dubi 'yarsa. Wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako, leɓunanta sun tsattsage. Ya dubi matarsa, wadda ta yi shekara huɗu tana juya mahaifinsa a kan gado ba ta taɓa yin tsaki ba. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙasa ba ta yi wa kowa wannan alfarmar.

"Ranar da ya rasu," in ji shi, muryarsa ƙasa ƙasa, "kun tafi kasuwa ke da Auta. Ana wasan ƙwallo. Ya kira ni sau biyu a kan tabarau. Sai na zare wayar makirfon daga bayan amfilifaya, na ce in an tashi wasan na mayar. Na manta. Da na shiga ɗakin na same shi ya cika, na dawo na mayar da ita kafin ku shigo."

"Ka ce mini bai kira ba," in ji matar. "Ka ce cikin barci ya tafi."

Auta ta ɗaga hannu a hankali, ta ƙwanƙwasa akwatin sau biyu da farce, ta hura. Muryar da ta fito ta Baba Tsoho ce, har da ɗan tarin nan nasa.

"Manaja, ƙirjina ne yake ɗan matsa mini. Manaja? Au, ka cire ke nan. To ba komai, na san ana wasa. In an tafi hutun rabin lokaci ka leƙo ni. Kar ka taso yanzu."

Muryar tsohuwar ta dawo. "Sau bakwai ya ƙara kiran sunanka. Ko sau ɗaya bai zage ka ba. Na so ya zage ka." Sai yarinyar ta yi atishawa uku, ta sulale a jikin uwarta. Wani dutse ɗaya ya gangaro daga kan kwano ya faɗo ƙasa, shi ke nan.

Da Auta ta buɗe ido, ruwa ta fara nema. Ba ta tuna komai ba. Malam ya naɗe tabarmarsa, ya ce wa Manaja ya yawaita yi wa mahaifinsa addu'a, bai ƙara ko kalma ba.

Matar ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma tafi ko'ina ba. Tana dafawa, tana ajiye masa, tana amsa gaisuwa. Da ma ta yi faɗan, da ya fi masa sauƙi.

Sifikoki ukun nan suna nan a durowa. Manaja ya kwashe mako biyu yana mayar da wayoyin da ya tsige, yana bin ramukan ƙusoshin ubansa ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin ƙurya, har jikin gadon da babu kowa a kai. Kullum rana na yin ja sai ya kunna amfilifayar, ya murɗa ta har ƙarshe, ya zauna. Ba abin da ke fita sai shuuu.

Wata magariba Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ai ba a sa komai ba. In kashe?"

"Bar shi," in ji shi. "Kar a kira ban ji ba."