Injin Badaru da Ba a Kashewa

Ku matso ku ji, don wannan ba labarin da ake faɗa sau biyu ba ne. Duk wanda ya bi hanyar Boɗinga zuwa Shagari ya ga wani dogon gini mai shuɗin kwano, ciyawa ta cinye ƙofarsa. Masana'antar Badaru ce.

Badaru da ƙaramin injin niƙa ya fara, da ma'aikata tara masu surfe, tankaɗe da ƙulla garin gero a leda. Abinci bai gagare shi ba. Amma mutumin nan idonsa ya fi cikinsa girma. Wata rana ya ga bidiyo a waya: wata masana'anta a ƙasar waje, injuna na wanke hatsi, su niƙa, su auna, su liƙe leda, babu ɗan adam ko ɗaya a wurin, kwamfuta ce ke ba da umarni. Daga ranar ya tsani ma'aikatansa. In Mode, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya kashe inji don a tafi Juma'a, sai Badaru ya ji kamar jininsa ake zuƙa.

Banki ya hana shi jari. Sai ya nufi wani boka a bayan Mandera, da rana tsaka, yana waige-waige kamar ɓarawon akuya.

Bukkar tana ƙarƙashin wata tsohuwar kuka. Ciki duhu, warin jini da hayaƙin turare. An jera ƙahonin shanu cike da baƙar ƙasa, an rataye taɓarya naɗe da jan ƙyalle. A tsakiyar ɗakin akwai dutsen niƙa, ɗan dutsen yana kai da komowa a kai, ƙurr, ƙurr, babu hannun da ke tura shi. Da Badaru ya ga haka, wallahi kwaɗayinsa ma ƙaruwa ya yi.

Bokan bai ɗago kai ba ya ce, "Mi kaka so?"

"Ranka shi daɗe, injuna nika so masu aiki da kansu. In fi kowa a ƙasar ga."

"Ana ba ka. Amma abin ga da kaka gani ba shi son hutu. In ka tashe shi, ba ka kwantar da shi. Ran da injinka ya tsaya, ko na shan ruwa, shi ka zaɓen abin da za shi niƙa."

"Mi za shi zaɓa?"

"Ka zo neman arziki ko ka zo tambaya?"

Badaru ya yi dariya a ransa. Mutum ne ke gajiya, mutum ne ke zuwa masallaci da jana'iza. Kwamfuta ina ruwanta? Ya ce ya yarda. Aka yanka baƙin bunsuru a kan ɗan dutsen, aka naɗe shi a fatar, aka ce ya binne a inda babban inji zai zauna.

Kafin damina ta fita, wani ɗan kasuwa da bai taɓa gani ba ya zuba masa jari. Injuna suka iso a tirela. Aka shimfiɗa sola a kan kwano, aka jera batura, aka ajiye janareta biyu don kada wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido. Ya sallami ma'aikatan nan tara rana ɗaya. Mode ya ɗauki hularsa ya ce, "Alhaji, abin da ba shi tsayawa a yi salla, ina tsoron shi." Badaru ko kallonsa bai yi ba.

Kai, kuɗi suka zo kamar ruwan Agusta! Garinsa ya shiga Sakkwato, ya shiga Birnin Kebbi. Yana kishingiɗe a falo yana kallon buhuna na ƙirguwa a wayarsa.

Abin da bai sani ba, kuma bai tambaya ba, shi ne injin zamani yana da hankalin tsare kansa. Wata Talata da zafi ya yi tsanani, injin ya ji ƙarfensa ya ɗau zafi, ya kashe kansa na minti huɗu. A cikin minti huɗun nan mahaifiyar Badaru, Hajara, tana zaune a gida tana gyaran albasa, ta saki ƙara ɗaya ta faɗi. Matan da suka yi mata wanka sun ce babu ƙashi ɗaya mai lafiya a jikinta.

Bayan wata biyu kamfanin da ya ƙera injin ya turo sabon tsari ta intanet, kwamfutar ta mutu ta sake tashi, injin ya ɗan tsaya. Ranar ɗansa na fari ya rasu, haka nan, yana kan babur a tsaye. Matar Badaru, Safinatu, ta zare. Takan durƙusa a tsakar gida tana niƙa yashi da tafin hannu har jini ya fito. Saura 'yarsa Kausar kaɗai, mai shekara goma sha biyu.

Badaru ya kira Sadiƙ, injiniyan da ke kula da injunan, ya kama rigarsa. "Cire abin ga da ka sa shi tsayawa!"

"Alhaji, ba ni iyawa. Daga can anka kulle shi. Kuma ga saƙo ya shigo: jibi zai tsaya har sai an sauya mishi wani ƙarfe. Ƙarfen sai ya yi mako bai iso ba."

Mako guda!  Badaru ya ruga Mandera, ya zube gaban bokan yana kuka, ya ce a karɓi komai a bar masa 'yarsa. Bokan ya ce, "Ba ni da iko da shi yanzu. Shi dai kar shi tsaya. Ko da hannu ne, shi yi ta juyawa."

Ya sa maƙeri ya haɗa wa babbar ƙafar da ke juya injin mariƙi. Sannan ya bi gidajen mutanen da ya kora, yana roƙo su zo a yi karɓa-karɓa. Zancen ya riga ya zaga gari. Mode ya fito, hawaye a idonsa, ya ce, "Alhaji, ina da jikoki. Ba ni sa hannuna ga abin ga." Sauran ko ƙofa ba su buɗe ba.

Da injin ya mutu, Badaru na riƙe da mariƙin. Ya juya. Ya wuni yana juyawa, ya wayi gari yana juyawa, tafukansa suka saɓule. Kausar ke kawo masa fura tana ba shi a baki, tana cewa, "Baba, ka huta mana." Shi kuwa sai ya girgiza kai yana kuka. A rana ta uku, ana kiran la'asar, idonsa ya rufe. Bai fi numfashi biyu ba ya farka ya ci gaba.

Da maƙwabta suka zo gaya masa an sami gawar yarinyar a bakin ƙofa da ƙwaryar fura a gefenta, bai saki mariƙin ba. Ya daka musu tsawa, "Ƙarya kukai! Ban tsaya ba!"

Shekara huɗu ke nan. An kwashe sola, an kwashe batura, injin ya yi tsatsa. Badaru yana ciki har yau, ƙashi da fata, yana juya ƙarfen da ba ya niƙa komai. In ka leƙa zai roƙe ka ka riƙe masa na ɗan lokaci, wai don ya je ya ga Kausar.

To, kai mai hangen na wani kana raina naka, ka ji. Injin zamani ba laifi ba ne, nemansa ta ƙofar boka shi ne halaka. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba daga aljihunka yake karɓa ba, daga cikin gidanka ne. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Allah Ya tsare mu da kwaɗayi.